Soket ɗin Rabin Inci

Mai gyaran famfo yana durƙushe a banɗakin wani gida wayarsa ta yi ƙara. 'Yar amininsa ce. "Baffa," ta ce, "Baba ya cika." Ya zauna a jiƙaƙƙen siminti da sifana a hannu, ya kasa ajiye ta.

Rabin Inci ake ce wa aminin nasa. Shekara talatin da ɗoriya yana tsaye gaban injin sassaƙa ƙarfe, yana yanka zare, wato tsagin murɗawa, a bakin bututu. Da kunne yake gane wuƙar injin ta dakushe, tun kafin ɓarɓashin ƙarfen ya fara yin shuɗi. Awonsa kuwa wani tsohon soket ne, ɗan guntun ƙarfen da ake haɗa bututu biyu da shi, da ke aljihun gabansa kullum. In ya yanka, sai ya murɗa soket ɗin a bakin bututun da hannu. In ya yi juyi huɗu ya cije, zare ya yi.

Bara aiki ya fara dawo masa. Bututu na yoyo. Ya wasa wuƙa, ya sake wasawa, ya sayi sabuwa, yoyo bai daina ba. Masu kawo aiki suka fara cewa tsoho ya gaji, shi ma ya yarda. "Idon ne, mutumina," ya ce wa mai famfo, ya lulluɓe injin da buhu ya koma gida. Daga nan cin abinci ma sai an yi da gaske.

Abin ya tsaya wa mai famfo a rai. Makon jiya ya tsinci bututu ɗaya cikin waɗanda aka dawo da su, ya murɗa masa sabon soket. Juyi biyu ya tsaya cak. Ya ɗauki bututun ya nufi gidan, ya tarar da amininsa kwance, ya rame, muryarsa can ƙasa.

"Kai, tsohon banza, ina soket ɗin nan naka?"

Yana ƙarƙashin matashin kai. Mai famfo ya murɗa shi a bututun, juyi huɗu sumul. Shekara talatin na murɗawa sun cinye cikinsa ya buɗe, shi ya sa yake cewa zare ya yi alhali da saura.

"Ka gani? Idonka lafiya lau, hannunka ma haka. Wannan ne ya yi maka ƙarya."

Rabin Inci ya daɗe yana juya soket ɗin a tafin hannunsa. Ya yi 'yar dariya, tari ya sarƙe shi.

"Bai yi ƙarya ba. Gajiya ya yi, bai san yadda zai faɗa mini ba."

"To ka tashi mu buɗe shago."

"Bari in ɗan huta tukuna. Amma ka ga masu cewa na lalace ɗin nan?"

"Zan gaya musu ɗaya bayan ɗaya."

"Yauwa. Shi kuma soket ɗin, kar ka yar da shi."