Mutumin da Inna Ta Ɓoye a Rumbu

Ni mutumin Gaya ne. Kafin in lalace ban fi kowa ba, ban kuma kasa kowa ba. Na gama firamare, ina taya mahaifina noman gyaɗa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Emeka, wani Ibo mai gyaran keke, wanda ya iya Hausa har da habaici. Inna kan aika wa matarsa tuwo, kwanon ya dawo da doya.

Ba zan iya cewa ga ranar da abin ya fara ba, kuma ina tsoron ƙara gishiri. Abin da na tabbatar shi ne, bayan sojoji sun kashe manyan Arewa, hirar ƙofar gidan Tanko mai rediyo ta canja. Tanko ko kaza ba ya iya yankawa, amma shi ke fassara mana labarai, da ƙari. Da farko sunan Emeka ne ya ɓace, ya koma "mutanen nan". Daga baya aka ce kayansu ba haram ba ne. Na gwada da satar famfon keke daga rumfar Emeka. Dattawa masu furfura suka yi dariya, ɗaya ya ce, "Yaro ya fara zama namiji." Washegari waɗannan dattawan suka kai masa kekunansu, har da tambayar iyali.

Da hankali ya tashi, Emeka ya sa matarsa da 'ya'yansa a mota, shi ya tsaya. Ya ce, "Wa zai taɓa ni a Gaya? Rabin garin nan ni na gyara musu birki." Da labarin kashe-kashe ya iso daga birni, Inna ta tura shi cikin rumbunta, ta rufe shi da zangarniyar dawa.

Da hantsi wasu baƙi suka sauka daga babbar mota da adduna. Ba su san kowa ba, ba su san gidan kowa ba. Da mun yi shiru, ina jin da sun wuce. Babbansu ya ce, "Samari, ina Ibon unguwar nan? Wanda ya nuna, kayan rumfar nasa ne." Tanko tuni ya shige ɗaki ya sa sakata. Akwai sabon keke a rumfar. Ban ce uffan ba. Baki kawai na tura wajen rumbunmu. Na daɗe ina fakewa da cewa ai ban yi magana ba. Hujjar matsoraci ce.

Suka shiga gidan matan aure ba sallama. Da suka jawo shi, abin da ya ce kawai, "Inna, shiga ɗaki, kada ki gani."

Ni ne ɗan fari, Inna ba ta taɓa furta sunana ba saboda kunya. Ran nan ta kira sunan ƙarara a gaban jama'a, ta ce, "Ɗauki kekenka ka bar mini gida."

Daga nan sata ta zama sana'ata, har aka kama ni a Toranke da ragon wani Bafulatani, aka ɗaure ni. Rago ya sami alƙali. Emeka bai samu ba. Ina kurkuku Inna ta rasu, ba ta aiko da ko gaisuwa ba.

Bayan na fito na tuba, na koma karatu har na yi digiri. Ko Allah ya karɓi tuban, ban sani ba, don wanda zan nemi gafararsa ba ya nan. Tanko kuwa na same shi a sahun gaba a masallaci, yana cewa ai baƙi ne suka yi.

Samari, baƙo ba ya sanin rumbun uwar wani. Duk majalisar da kuka ji an daina kiran maƙwabci da sunansa, ku tashi ku bar ta. Masu zuga ku za su sa sakata, ku ne za a tambaya inda maƙwabcin yake.