Gonar da ke Gabas da Rijiya

Duk wanda ya yi noma a ƙauyenmu na ƙasar Hamdara ya san kawuna Tahiru, kuma ya san bakinsa. Shi ake kira in za a ari gona ko za a raba gado. Sai ya durƙusa, ya debi ƙasa ya murza, ya ɗanɗana, ya tofar. Daga nan ya faɗi abin da ya gani, ko a gaban wa. Ya taɓa ce wa Mai Nasara, maƙwabcinsa, a gaban surukansa: "Wannan gona ce ko filin Idi?" Mai Nasara ya yi wata guda ba ya gaishe shi.

Sai fari ya zo. Kawu yana da shanu, yana son su kamar 'ya'yansa. Da ciyawa ta ƙare, ya kwashe karan geron gonarsa kaf ya ba su. Da kara ya ƙare, ya hau itatuwan gawon da mahaifinsa ya bari, ya sassare rassa, har itatuwan suka mutu a tsaye. Shanun ma ba su rayu ba. Iska ta samu gona tsirara, ta kwashe ta, ta bar fako mai tauri kamar daɓen ɗaki. Kowa na gani in za shi rijiya, amma wa zai ce wa dattijo ka kashe gonar ubanka? Muka riƙa kau da kai, shi kuma ya ci gaba da ɗanɗana ƙasar mutane. Abin da ya rage masa ke nan, sunansa.

Bayan yunwa ta lafa, wani furoje, wato shirin tallafa wa manoma, ya turo mana ma'aikacinsa da ake kira Mushe Kolo, wato Malam Kolo, Babarbare daga Damagaram, mutum mai ladabi. Ya ce a bironsu, wato ofishinsu na birni, akwai na'ura da ake koya wa sanin dattawa, in an ba ta labarin gona sai ta faɗi ko tana kusa da mutuwa. Aka nuna masa Kawu. Ai kuwa Kawu ya baje babbar riga ya shiga zuba: in ka ga tumfafiya da ƙuduji, ƙasa ta gaji, in ba gawo, ba kara, iska ce mai gonar, in ruwa ya gudu bai nutse ba, a yi mata salla. Har ya ƙara da cewa mai irin wannan gona bai cancanci a kira shi manomi ba.

Kolo ya zaga gonaki yana dubawa, bai tambayi ta wane ce ba. Mu ma ba mu faɗa masa ba. Ya tafi ya ba na'urar labarin kowace gona da bayanan Kawu. Da ya dawo daga birni, maigari ya tara mu da hantsi a ƙofar gidansa.

"Gonar da na'ura ta ce ta fi kowace lalacewa," in ji Kolo, "ita ce ta gabas da rijiya. Sai an hutar da ita, an haƙa mata ramukan tare ruwa."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Maigari ya hau gyaran rawaninsa. Mai Nasara, da na zaci zai yi dariya, ya sunkuya yana tonon ƙasa da tsinke. Kolo, bawan Allah, ya ga shiru ya yi yawa, sai ya juya wajen Kawu da fara'a.

"Baba Tahiru, ai iliminka ne na'urar ta maimaita. Kai me za ka ce wa mai gonar nan?"

Kawu ya ɗago ya dube shi. Sannan ya ce, "Na riga na faɗa maka abin da ake kiransa, ɗana. Gonar tawa ce."

Washegari ya saɓa gatari da fartanya ya tafi gonar shi kaɗai. Mai Nasara ne ya fara bin sa da tasa fartanyar. Gonar ta farfaɗo a hankali, Kawu ya ci geronta kafin ya rasu. Amma daga ranar, ko an aiko a kira shi duba gona, sai ya ce wa ɗan aiken, "Ku gaya musu a nemi manomi."