Robar da Ke Jikin Keken Baba

Tun da na ajiye aiki na kasa zama wuri ɗaya. Matata ta ce ko a tabarma nake sai in yi ta kaɗa ƙafa kamar mai taka feda. Shi ya sa da na fara sayo matattun kekuna ina tayar da su a zaure ba ta yi ƙorafi ba, in ban da na warin kalanzir. Irin na da nake so, baƙaƙen nan masu birkin ƙarfe, waɗanda in ka ɗaga ɗaya sai ka ji a ƙugunka.

Amma a gaskiya keke ɗaya nake nema, na babanmu. Da shi ya yi ta kai bandar kifi tashar jirgin ƙasa ta Nguru har ƙarfinsa ya ƙare. Bayan rasuwarsa aka sayar, ina makaranta, ba wanda ya tambaye ni. Inna kuwa, da tsufa ya kwantar da ita ya tafi da idonta, ta mance sunayen jikokinta amma ba ta mance keken ba. Kullum da yamma sai ta tambaya ko an shigo da shi. Na ƙudurta sai ta ɗora hannu a kansa kafin ta bar duniya.

Na bi masu faci ɗaya bayan ɗaya, daga Nguru har Karasuwa, ana yi mini kallon wanda ya rasa abin yi. A Gashua na same shi, jingine a bayan rumbun wani masunci, kaji na kwana a kai. Kariyarsa ta ɗora kaya na gane. Maƙeri ne ya faɗaɗa ta don kwandon banda, ya bar gefe ɗaya a karkace.

Mutanen zamanin da, in sun sayi sabon keke, ba sa cire takardar da ya zo da ita. Sai ma su bi ta da roba su nannaɗe jikin kaf, don kada fenti ya ƙuje. Baba ja da kore ya naɗa, kuma duk hannun da keken ya bi ba wanda ya warware. Robar ta koɗe, ta bushe ƙamas, tana ƙarnin kifi. Ni da nake ji da kaina a harkar, ƙazanta na gani. Na sa reza na farke ta, na watsa a bola, aka haɗa da shara aka ƙone. A ƙarƙashi ga fenti baƙi wuluk yana sheƙi, kamar yau aka fito da shi daga kanti. Daɗi ya rufe ni. Na wanke sarƙa, na gyara birki, na sa sababbin tayoyi.

Na tura shi har bakin gadon Inna, na kama hannunta na ɗora. Ta shafa sama, ta shafa ƙasa, ta kai tafin hannunta hanci.

"Na wane ne wannan?"

"Na Baba ne, Inna. Na samo shi."

"A'a, ɗan nan. Na babanku ja da kore ne, kuma da kaushi. Mayar wa mai shi."

Na so in kai hannunta kan kariyar, ta janye. Sai a lokacin ya faɗo mini a rai cewa ba ta taɓa sanin fentin nan ba. Baban ma bai taɓa ganinsa ba.

Haushin kaina ya hana ni cin abinci ranar. Washegari na sayo roba ja da kore a kasuwa na naɗe shi. Ta shafa, ta ce santsi gare shi. Yanzu yana tsakar gida a rana, na ɗaura masa kwandon banda, ina jira robar ta koɗe ta ɗauki ƙarni. Kowace safiya nakan fita in murza ta da yatsa, in shiga ɗakin Inna in saurari numfashinta, in sake fitowa. Robar har yanzu sabuwa ce. Jiya Inna ba ta tambayi keken ba.