Ranar da Na Goge Girar Malama

Har gobe ban manta da ranar Asabar ɗin da Anti Rabi ta tura ni Kusada ni kaɗai ba. Makonni kaɗan ne bayan Babbar Sallar da ta wuce. Anti ce ta ce in rubuta domin ku sababbin 'yan koyo. Ita kuma mai labarin ta ba ni izini, da sharaɗin in sauya sunanta. To, mu kira ta Malama Hauwa.

Ga wanda bai san wurin aikinmu ba, shagon kwalliya ne a Kankia, kusa da babban titi. Anti Rabi ce mai shago, ita ke yi wa amare. A ƙarƙashinta akwai manyan yara masu kitso da lalle, sai mu 'yan koyo, masu wanke soso da riƙe madubi. Sai kin daɗe kafin a bar ki ki taɓa fuskar mutum. Tsarin aikin kuma ɗaya ne: a fara goge fuska da auduga da ruwan gogewa, a shafa mai, a zana gira da jagira, sannan hoda da janbaki.

A ranar Anti tana da amarya, manyan yaran duk sun bi ta. Sai aka yi waya daga Kusada ana neman mai kwalliya don kakar jariri, ranar suna. Anti ta miƙo mini jaka, da sabuwar kwalbar ruwan gogewa da aka kawo mata daga Kano. Rubutun jikin kwalbar ba Turanci ba ne, ba kuma Larabci ba.

Ta ce, "Hafsatu, gidan malamai za ki. Mijinta liman ne, ita kuma ta daɗe tana koyarwa a Islamiyya. Kin san yadda suka ɗauki aske gira. Ko gashi ɗaya kika cire mata, kada ki dawo mini shago, ki zarce gidanku."

Na hau kabu-kabu ina maimaita maganar nan har Kusada.

Na tarar da gida cike da mata, ana ta ɗora tukwane. Aka kai ni wani ɗaki a ƙurya, labule a sauke. Malama Hauwa doguwa ce siririya, ta ja ɗankwali har goshi. Ta ce in sa sakata. Na gaishe ta, na zuba ruwan kwalbar a auduga, na ce, "Mama, a rufe ido."

Sau ɗaya na shafa a gefen dama. Auduga ta yi baƙi. Na duba wurin, babu gira. Ba wai ta ragu ba, babu ita, wurin sumul kamar tafin hannu. Saboda ruɗewa, sai na goge ta hagun don in gwada ko idona ne. Ita ma ta tafi. Na leƙa fatar idonta, ko gashin ido ɗaya babu. Nan na tabbata maganin cire gashi aka sayar wa Anti, ni kuma na aske matar liman ranar sunan jikanta.

Na zube ƙasa ina kuka, ina lalube a tabarma.

"Mama ki yafe mini! Wallahi ba ni ba ce, kwalbar ce, daga Kano aka kawo ta!"

Ta buɗe ido, ta ɗauki madubi, ta dube ni. "Ke ɗiyar nan, mi kike nema a tabarma?"

"Girarki, Mama."

Dariya ta kama ta har da tari, sai da na miƙa mata ruwa. Da ta lafa ta ce, "Tashi. Ai ta daɗe da tafiya, ba ki same ta ba. Wadda kika goge ni na zana ta da asuba, ba ta yi kyau ba, shi ya sa aka kira mai hannu."

Sai ta zame ɗankwalin kaɗan, na ga kan ma babu gashi. Ta ce cutar daji ce aka gano mata a mama. Duk bayan 'yan makonni tana zuwa babban asibiti a ɗura mata magani ta jijiya. Maganin ne ya fara kwashe gashin kai, daga baya ya dawo ya ɗauki gira da gashin ido. Likita ya ce yawanci suna tsirowa bayan an gama. Ta ce kai ba ya damun ta, ɗankwali ya rufa asiri, amma fuska ba ta da ɗankwali. Zufa ta gangaro kai tsaye cikin ido, idon ya yi ta ruwa, mutane su ɗauka kuka take.

Mijinta da 'yarta mai jego kaɗai suka sani. Wadda ta fi ɓoye wa ita ce mahaifiyarta, Inna, da ke zaune a garin Ƙofa, tsohuwa mai hawan jini, wadda za ta zo sunan da yamma.

"Idan Inna ta ji sunan cutar nan, ita za a fara kaiwa asibiti. So nake ta zo ta ga tattaɓa-kunnenta, ta ci, ta sha, ta koma gida da farin ciki. Za ki iya?"

Na ce zan iya.

Na kawo shawarar gashin ido na kanti. Ta ce a asibiti an hana ta sa gam a fatar ido, "ban da haka ma, so kike in fito da tsintsiya a fuska?" Sai na ja mata siririn layi a bakin fatar idon. Gira kuwa na zana irin wadda Anti ta koya mana, mai lanƙwasa, da fili a tsakani. Ta yi kyau, har na fara jin kaina.

Abin da ban lissafa ba shi ne alwala. Malama ba ta wasa da wanke fuska. Ana kiran azahar ta shiga banɗaki da buta, ta fito fuska wayam. Don haka aikina ya koma zaman gadi: ta yi alwala, ta yi salla, in sake zanawa.

A zanen azahar ne aka yi ta buga ƙofa ana cewa baƙi sun iso. Garin sauri, girar hagu ta haye sama ta bar ta dama a ƙasa. Kafin in gyara ta yafa mayafi ta fice. Na bi ta a baya ina salati a zuci.

Ku sani, rabin matan da suka zo sunan ɗalibanta ne a da. Ga ta ta fito da gira ɗaya a ɗage, kamar ba ta yarda da ko kalma ɗaya da ake faɗa mata ba. Wata ta fara ba ta uzurin makara, wai babur ne ya lalace. Malama ta dube ta kawai, tana murmushi ma. Matar ta sunkuyar da kai ta ce, "Gaskiya barci na yi, Malama." Da muka biya ta wajen masu rabon abinci, wata ta kalle ta, ta kalli ƙasa, ta jawo kwanon nama daga ƙarƙashin zaninta ta mayar cikin tukunya, ba wanda ya tambaye ta.

Da muka koma ɗaki Malama ta ce, "Yau mutane sun cika tsoron Allah." Na miƙa mata madubi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ina kike lokacin da nake fama da 'yan aji huɗu?"

Bayan sallar la'asar na zauna zan yi na ƙarshe, wanda Inna za ta gani. Na gama ta dama, ban fara ta hagu ba, sai labule ya ɗaga. Na manta ban sa sakata ba. Wata ƙaramar tsohuwa ce da sanda. Jagirar ta faɗi daga hannuna. Malama ta yi wuf ta rufe rabin fuskarta da mayafi.

"Inna, sannu da zuwa. Haƙori ne ke damuna."

"Haƙorin a goshi yake?"

Inna ta zauna a bakin gado, ta sa hannu ta janye mayafin. Ni dai na fara duba inda zan tare ta idan ta faɗi. Ba ta faɗi ba. Ta matso da fuskarta dab da ta ɗiyarta, ta daɗe tana dubawa.

"Hauwa, kin ce mini taron malamai kike zuwa. Wane irin taron malamai ne ake dawowa daga shi ana amai, ko ƙamshin miya ba a so? Na daɗe da tsare mijinki, ya faɗa mini. Na yi kukana a Ƙofa na gama. Jira nake ki faɗa da bakinki, ashe ke hawan jinina kike gadi."

Wannan karon ba zufa ba ce ke zuba daga idon Malama.

Sai Inna ta nuna girar da na zana da yatsa. "Wannan kuma aikin wa?"

Na ce, "Ni ce, Inna," murya kamar ta ɗan tsako.

"Wa ya ce ki raba mata? Ɗiyata girarta haɗe take a tsakiya, irin ta ubanta. Da ita na haife ta. Wannan ai ta 'yan talabijin ce. Miƙo abin nan."

Na ɗauko jagirar na ba ta. Hannunta na rawar tsufa. Ta riƙe haɓar Malama kamar ta ƙaramar yarinya, ta ja baƙin layi mai kauri daga wannan gefe zuwa wancan, ya hau, ya sauka, ya haɗe a saman hanci. Da a shago ne wata ta yi haka, da Anti ta kore ta. Inna ta ja baya ta duba, ta ce, "Yauwa. Ga Hauwa."

Na ɗauki auduga a hankali na ce, "Mama, bari in ɗan daidaita gefen."

Malama ta riƙe mini hannu. "Kada ki taɓa."

Haka ta fita tsakar gida, Inna na riƙe da hannunta. Aka kawo zoɓo ta ƙi, aka kawo kunu ta ƙi, ko ruwa ba ta kurɓa ba. Na ɗauka jikin ne, na tambaye ta. Ta raɗa mini cewa alwalar la'asar take riƙo, don kada fitsari ya sa ta wanke fuska kafin sallar magariba. Da wannan girar ta yi salla, ni kuma na kama hanyar Kankia ban sake buɗe jaka ba.

Da na ba Anti labari, ta ce dai ban aske kowa ba, don haka ina nan a shago. Kwalbar Kano ma lafiyarta lau, ita muke amfani da ita, ko da yake ni har yau sai na gwada a hannuna tukuna.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. Kafin ku sa auduga a fuskar mace, ku ɗaga labule ku duba da kyau, ku tambaye ta a hankali. Idan magani ne ya ɗauke mata gira, kada ku zana mata irin ta shago. Ku nemi tsohon hotonta, ko ku tambayi wanda ya san fuskar tun da can, domin tata take nema, ba tamu ba. Malama tana aiko a ɗauke ni duk lokacin da za ta fita taro, kuma yanzu na iya haɗa su a tsakiya. Takan duba madubi ta ce ba laifi, amma har yanzu ban kai Inna ba.