Katunan Ma'aruf a Tashar Kankiya

Ranar kasuwar Kankiya, a tsakiyar tasha, igiyar kwalin Ma'aruf ta tsinke. Katuna ɗari uku masu huji-huji suka watse, wasu ƙarƙashin mota, wasu cikin kashin jakai. Ga mutum da wando mai kari yana rarrafe. Ni Ɗanmaliki, da katanga ɗaya ta raba mu a Mawashi, dariya nake har da riƙe ciki.

Ma'aruf ɗan Malam Sada ne mai makarantar allo. Ya sauke, ya yi boko, ya koyar da kimiyya, da kuɗin man fetur suka zo aka tura shi jami'a ƙaro karatu. Can ya haɗu da na'urar da ke lissafi da baƙaƙe, ba lambobi kaɗai ba. Wai ita za ta warware mashi yadda guga ke lilo a rijiya in igiya na ƙara tsawo. Ba ta jin magana sai ta kati, shi ma bi da bi. Wata uku tana koro shi, sau ɗaya a kan waƙafi guda.

To gobe da safe ne layinsa na ƙarshe a kan na'urar, can jami'a. In ya kuskure, shekara ta tafi, tallafin karatu ya bi ta. Katunan kuwa ba lamba.

"Malam, mota ta cika fa!" in ji direba.

Bai ɗago ba. Ya shimfiɗa rigarsa yana jerawa. Sai na lura a gindin kowane kati ya rubuta kalmar farko ta mai bi mashi, yadda babansa ke yi wa warƙoƙin littafin da ba a ɗinke ba. Wannan ya kira wancan, wancan ya kira na gaba.

Direba ya danna hon. Ma'aruf ya kai tsakiya ya tsaya cak: ɗaya babu. Ya zazzage aljihu, ya leƙa ƙarƙashin taya, zufa na ɗiga daga haɓarsa. Direba ya ta da mota.

Na ga abin ya wuce wasa. Na cire hulata na zaro katin da na ɓoye.

"Wagga rariyar kake nema? Ashe ilimin naku duk huji ne!"

Ya fizge, ya ƙarasa jerin, ya ɗaure kwali, ya ɗare bayan mota. Sannan ya waiwayo.

"Da na bar maka shi, Ɗanmaliki. Tun da aka haife ka, yau ne ilimi ya fara zama a kanka."