Nakagomi Tsuneo, Mutumin da Ke Cikin Sulken Toragane

Haihuwarsa da asalinsa

An haifi Nakagomi Tsuneo ranar 14 ga watan Maris na shekarar 1951 a garin Kamaishi da ke lardin Iwate, sunan mahaifinsa Rikizo, ma'aikacin tanderun narkar da ƙarfe, mahaifiyarsa kuwa Fusa, mai sayar da busasshen kifi a bakin gaɓa. Shi ne na uku cikin 'ya'ya biyar. Ni mai wannan rubutu, Umezawa Tokie, na yi shekara goma sha bakwai ina ɗinke masa sulke duk lokacin da ya yage, kuma na ɗauki alƙalami ne saboda har yau babu takarda guda a ƙasar nan da ta ambaci sunansa tare da aikin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kai.

Karatunsa

Ya yi firamare da sakandare a Kamaishi daga 1957 zuwa 1969, inda malamai suka yi ittifaƙi cewa lissafi ba rabonsa ba ne, amma a wasan judo da alkafura babu mai kama ƙafarsa a duk gundumar. A watan Afrilu na 1969 ya tafi Tokyo, ya shiga ƙungiyar masu wasan kasada na fina-finai, ya shafe shekara bakwai yana faɗowa daga kan doki da bene a madadin taurarin da ke tsoron kurjewa.

Shigarsa cikin sulke

A shekarar 1976 wani kamfani ya fara nuna fim ɗin zane mai motsi a talabijin game da jarumi Toragane. Tunda kamfanin ya ƙi kiran sunan Tsuneo, ni ma ba zan kira nasa ba. Toragane ɗan maƙeri ne wanda azzalumai suka ƙone ƙauyensu, ya narkar da ƙararrawar haikalin garin ya ƙera sulke da kwalkwali mai kan damisa. Naushinsa na tsaga dutse, ƙirjinsa na haɗiye wuta ya mayar wa abokin gaba da ita, amma a farkon labarin fushi ne kawai a cikinsa, ba ya gaisuwa, ba ya waiwayar wanda ya ceta.

Da yara suka kamu da sonsa, kamfanin ya ƙera sulke na zahiri mai nauyin kilo goma sha takwas domin wasannin Lahadi a saman benayen manyan kantuna, aka zaɓi Tsuneo ya shiga ciki. A ranar farko aka karanta masa ƙa'idar sana'ar, wadda duk mu 'yan tawagar wasan muka sani: babu kowa a cikin sulke. Ba ya magana, muryar jarumin daga faifai take fitowa. Ba ya cire kwalkwali inda ido zai gani, ba ya gaya wa kowa, kuma sunansa ba ya shiga takarda.

Tsuneo ne ya koya wa wannan jarumi tarbiyya. Ya lura cewa ƙananan yara na fashewa da kuka idan ya tunkaro su, don haka ya riƙa durƙusawa kan gwiwa guda har kwalkwalinsa ya zo daidai da fuskar yaro kafin ya miƙa hannu. Masu zanen suka zo suka kalla, suka kwafe, kuma daga 1978 Toragane na talabijin ya fara durƙusa wa raunana, ya daina kashe wanda ya miƙa wuya. Masana sun yi ta rubuce-rubuce a kan yadda jarumin ya girma ya yi hankali, suna jinjina wa marubutan kamfanin. Ni da na riƙa sake fatar gwiwar dama ta sulken duk wata biyu na san inda hankalin ya fito.

Aurensa da iyalinsa

A watan Nuwamba na 1979 ya auri Hatakeyama Michiyo, mai sayar da taliyar udon a saman wani kanti a Ueno, wadda ta gane cewa shi ne ke cikin sulken ta hanyar tafiyarsa tun kafin ya buɗe baki. Sun zauna a Kawaguchi, suka haifi 'ya'ya uku, babbarsu Sanae. An gaya wa yaran cewa mahaifinsu ɗan dakon kayan kamfani ne. Wata rana ɗansu Kohei ya dawo daga makaranta da kumburarren leɓe, ya ce wa uban: "Baba, wai kai akwatin Toragane kawai kake ɗauka? Yara sun ce ko takalminsa ba a barinka ka taɓa."

Tsuneo ya ce, "Haka ne. Akwatin ma da nauyi, ci abincinka."

Michiyo ta dangwarar da kwanon shinkafa ta ce, "Baban Sanae, wannan shirun naka wata rana sai ya kashe ni."

Abin da ya faru a Sendai

Ranar Lahadi 8 ga watan Agusta na 1993, ana tsakiyar wasan rana a saman wani kanti a Sendai, iska ta tumɓuke ƙarfen da aka rataye fitilu a jikinsa ya nufo layin gaba, inda yara huɗu ke zaune. Tsuneo ya yi tsalle daga dandamali ya rufe su da jikinsa, ƙarfen ya sauka a kan ƙugunsa. Mutane fiye da ɗari uku suna kallo ya miƙe, ya ɗaga wa yaran hannu, ya taka da ƙafarsa har bayan labule, sannan ya zube. Ni na yanke igiyoyin sulken da almakashi.

Shugaban tawagar, Okochi, bai tambayi ko yana numfashi ba. Abin da ya fara cewa shi ne, "Wani ya ga fuskarsa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutum ne fa kwance a gabanka!"

Ya ce, "Ke dai duba sulken, akwai wasa ran Lahadi. Shi kuma a fitar da shi ta ƙofar kaya."

Ta ƙofar kaya aka fitar da shi, an lulluɓe shi da bargo kamar wanda ya yi abin kunya. Washegari jaridu suka buga cewa Toragane ya ceci yara huɗu kuma ko ƙwarzane bai yi ba. Ranar Lahadi wani saurayi ya shiga sulken ya karɓi takardar yabo daga hannun masu kantin. Bayan wata shida aka mayar da lamarin kashi na musamman na fim ɗin Toragane a talabijin, a daidai lokacin da Tsuneo ke koyon tafiya da sanda a asibiti.

Shekarunsa na ƙarshe

An sallame shi daga aiki a 1994, ya koma gadin wurin ajiye kekuna a kusa da tashar jirgin ƙasa, inda ya yi shekara ashirin. A 2006 kamfanin ya wallafa littafin cikar Toragane shekara talatin, mai ɗauke da sunaye ɗari huɗu da goma sha biyu, har da na mai kawo wa masu zane abincin rana. A wannan shekarar Michiyo ta gaji ta gaya wa 'ya'yanta gaskiya. Babbar 'yarsu Sanae ta rubuta wa kamfanin wasiƙa uku, amsar da ta samu layi ɗaya ce, wai Toragane Toragane ne.

Ta ce wa uban, "Baba, bari in kai wa 'yan jarida. Hotunan asibiti suna nan, Inna Tokie ma shaida ce."

Ya ce, "Yaran nan huɗu Toragane ne ya cece su. So kike a ce musu wani gurgu ne mai gadin keke?"

A nan kam har shi ma na ji haushinsa, kuma na gaya masa. Ƙa'idar an kafa ta ne don yara, to yaran Sendai sun girma sun yi 'ya'ya, babu wanda shirun ke amfana sai kamfani. Ya saurare ni har na gama, ya zuba mini shayi, bai canza ra'ayi ba.

Rasuwarsa da jana'izarsa

Nakagomi Tsuneo ya rasu ranar 2 ga watan Fabrairu na 2019 a Kawaguchi bayan gajeriyar jinya, yana da shekara sittin da bakwai. Mutum goma sha tara suka halarci addu'ar haikali, kamfanin bai aiko kowa ba. Bayan ƙona gawar, da iyali suka tsaya bibbiyu bisa al'ada da dogayen tsinkaye domin tsince ƙasusuwa su sa a tulu, sai ga farantin ƙarfe da kusoshi goma sha ɗaya da likitoci suka sa masa kwance a cikin tokar ƙugunsa. Ma'aikacin wurin, mutum mai kimanin shekara arba'in, ya ware su gefe cikin ladabi ya ce, "Uwargida, marigayin ya sha wuya. Wane aiki ya yi?"

Michiyo ta dube shi ta ce, "Shi ne Toragane."

Mutumin ya yi irin murmushin da ake yi wa tsohuwar da baƙin ciki ya ruɗa, ya ce, "Ayya. Ni ma ina yaro ina sonsa ƙwarai." Ya ci gaba da aikinsa.

An binne tulun a kabarin zuriyarsu da ke Kamaishi bayan kwana arba'in da tara. Ya bar matarsa Michiyo da 'ya'ya uku: Sanae, ma'aikaciyar jinya a Saitama, da Kohei, direban jirgin ƙasa, da Natsumi, malamar firamare, da kuma jikoki biyar. Kusoshin goma sha ɗaya Kohei ne ya nemi a ba shi, suna gidansa.