Alkafurar Hagu

Ƙanena bahago ne tun daga hannu har ƙafa. Hannun dai Inna ta yi maganinsa tun yana ƙarami, da harara da ɗan duka a bayan hannu, har ya koyi kai loma da dama. Ƙafar ce ba wanda ya kula da ita, tunda ba da ƙafa ake cin tuwo ba. Ko langa yara suke yi, a kan hagu yake tsayawa, kuma kafin a kayar da shi sai an yi gumi.

Muna firamare a Gwarzo a shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da sabulu ma sai an bi layi. Allin rubutu bai ishe mu ba, balle a yi zancen katifar wasa. Malamin wasanninmu, wani siririn mutum mai son rawar koroso kamar ransa, ya sa muka cika buhuna da ƙaiƙayi muka jera a bayan aji, a kansu muke koyon tsalle da alkafura. Biyu-biyu yake fito da mu, mace da namiji suna fuskantar juna, kowa da akayau a ƙafa yana kacau-kacau. Ni da ƙanena aka haɗa, don Baba ya ce in dai sai na yi rawa, to da ɗan'uwana zan yi.

Abin sai ya yi kyau ba da shirin kowa ba. Ni da dama nake tashi, shi da hagu, kuma da yake fuska da fuska muke, sai mu kife gefe ɗaya, mu dira tare. Sauran kuwa kowa da dama yake tashi, sai ka ga wannan ya yi gabas, waccan ta yi yamma, sannan su dawo neman juna. Ni ba wata gwana ba ce, in faɗi gaskiya, rakiya kawai nake yi. Shi ne in ya tashi sama sai ka ce an cilla hula, har mai ganga yakan ɗaga kai ya bi shi da kallo.

Da aka ce za a yi gasar makarantu a Kabo, kuma waɗanda suka burge za a tafi da su Kano, yaron nan ya hana mu sakat a gida. Ko aiken Inna da alkafura yake zuwa. Ba abin da yake so a duniya kamar a kira shi cikin masu tafiya.

Ana cikin shiri hedimasta ya zo kallo. Dattijo ne mai kirki, ba ya ko ɗaga murya. Ya kalle mu har muka gama, sannan ya yafito malamin wasanni.

"Malam, wannan yaron da wace ƙafa yake farawa?"

"Da hagu, ranka ya daɗe. Haka jikinsa yake."

"Subhanallahi! A gaban manyan baƙi? Su ce a makarantata ake koya wa yara fara abu da hagu? A'a, a gyara masa."

Malam ya sunkuyar da kai ya ce to. Washegari ya kwance akayau ɗin hagu ya bar masa na dama kaɗai, wai don kunnensa ya riƙa tuna masa. Ƙanena ba ya musu da babba. Ya sha faɗuwa a kan buhunan nan, gwiwar hannunsa duk ta saɓule, ƙaiƙayi cike da sumarsa, bai taɓa cewa ya gaji ba. A hankali ya iya.

A Kabo bai yi kuskure ko ɗaya ba. Sai dai kafin kowane tsalle yakan ɗan dakata kamar mai shirin ƙetare kwata, kuma tashin nan nasa babu shi. Ya yi gabas na yi yamma, kamar kowa. Wasu yara daga Madadi aka zaɓa. Ina kallon ƙanena yana tafa musu.

Malam ya dafa shi ya ce sai baɗi. Baɗin bai zo ba, aka ce babu kuɗin mota, shi ma malam aka canza masa makaranta. Bayan shekaru da Shari'a ta zo, rawar mace da namiji ta bar makarantun wajenmu gaba ɗaya. Ba ni da ja a kan wannan, lokacin ina fama da nawa 'ya'yan. Abin da har yau yake cin raina shi ne ba wanda ya taɓa ganin ainihin tsallen yaron nan sai mu da bayan aji.

Kwana kaɗan da dawowarmu daga Kabo, bayan la'asar, na ce masa, "Tunda ba hedimasta a nan, yi mini irin taka ta da."

Ya yi murmushi, ya cire takalmi, ya ja da baya har gindin rumbu. Ya taho a guje, yana isowa tsakar gida sai ya ci birki. Ya koma ya sake tahowa, ya ɗaga wannan ƙafa, ya ajiye, ya ɗaga waccan. Ya tsaya yana kallon ƙafafunsa.

"Yaya," ya ce, "nuna mini yadda nake yi."

Ni kuwa da dama kaɗai na iya.